Zara Matar Wata: Abin da Kumbo Ya Tarar



Duk wanda ya taɓa kwana a Randagi, ko a rugagen da ke bakin dajin Birnin Gwari, inda hasken lantarki bai kai ga dusashe sararin samaniya ba, ya san tauraruwar nan da ke riga 'yan'uwanta fitowa bayan magariba, tana ƙyalli daga yamma, wadda kakanninmu suka yi wa laƙabi da Zara matar wata. Haka nan ya san Gamzaki, mai hudowa daga gabas gabanin asuba, wanda da ganinsa ladan da makiyayi suke shaida cewa gari ya kusa wayewa. To, malaman falaki sun daɗe da tabbatar da cewa waɗannan biyu halitta guda ce, wato Zuhura, wadda takan yi watanni tana bin bayan rana, sa'an nan ta faku, ta dawo tana gabanta, kuma cikin kwana 584 take kammala wannan kai da komo.

A shekarar 1610 Galileo, mutumin Italiya, ya saita mata madubin hangen nesa, ya ga tana cika tana raguwa kamar wata, ya kafa hujja da haka cewa rana take kewayawa. Amma da yake gajimare ya lulluɓe ta ko ta ina, shi ne ma asirin ƙyallinta, babu wanda ya san fuskarta sai da aka aika mata kumbo.

Tarayyar Sobiyet ce ta fara dacewa. A watan Disamba na 1970 kumbon Venera 7 ya sauka a kanta, ya aiko da saƙo na minti 23, sa'an nan ya yi shiru. A 1982 Venera 13 ya jure minti 127, har ya aiko da hotuna masu launi: falalen duwatsu a kwance, babu tsiro, babu ruwa, sama kuwa ruwan goro. Zafin wurin ya kai digiri 460, wanda ya isa ya narkar da dalma. Nauyin iskarsa ya ninka na tamu sau 90. Gajimaren kuwa dangin ruwan batir ne. Daga 1990 kuma kumbon Magellan na Amurka ya zana taswirarta da na'urar rada, ya iske ta cike da duwatsu masu aman wuta.

Sababin wannan azaba shi ne, kusan ɗaukacin iskarta irin wadda gawayi ke fitarwa ce idan yana ci, wadda ke barin zafin rana ya shiga, ta hana shi fita, har Zuhura ta fi tauraron Uɗaridu zafi, alhali shi ya fi ta kusa da rana.

Mas'alar da ta tsaya wa masana ita ce, Zuhura da duniyarmu kusan girmansu ɗaya, kuma maƙwabtan juna ne, amma guda ta zama gona, guda ta zama tanderu. Wanda ya fahimci inda hanyarsu ta rabu, zai san haddin abin da iskarmu za ta iya ɗauka na hayaƙi, ya kuma san ƙimar kowace bishiya da ke shanye shi a dajinmu.