Sauya Igiyar Iyafis da Muhimmancinsa ga Mai Sauraren Rediyo

Iyafis, wato abin sauraren nan da ake maƙalawa a kunne, ba kasafai lasifikarsa kan lalace ba. Galibi igiyarsa ce ke tsinkewa daga ciki, musamman a wuyan ƙarfen da ake cusawa cikin waya, inda lanƙwasa ta fi yawa. Alamar haka ita ce kunne ɗaya ya yi shiru, ko sauti ya riƙa yankewa idan an motsa igiyar.

A cikin igiyar akwai siraran silin tagulla: na kunnen dama, da na hagu, da kuma na tarayya, kowanne an shafe shi da fenti don kada su haɗu. Saboda haka mai gyaran rediyo, a kasuwar Shinkafi ko Ƙauran Namoda, yakan buɗe kunnen, ya narkar da tsohuwar dalma, ya babbake bakin sababbin silin, ya liƙa kowanne a mazauninsa. Daga nan sai ya yi ƙulli daga ciki, domin kada fizga ta ɓalle liƙin.

Abin lura a nan shi ne, a wayoyi da dama igiyar nan ita ce eriyar rediyon FM. Lokacin da aka katse layukan sadarwa a Jihar Zamfara cikin Satumbar 2021, har da Jangeru da Zurmi, tashoshin rediyo ba su daina watsa labarai ba. Ashe ke nan, wanda igiyarsa ta tsinke a irin wannan hali, ba waƙa kaɗai ya rasa ba.