Masu haɗa ƙunshin biki

A bikin Kano mace ba ta barin wurin yini ko walima hannu rabbana. Kafin ta sa takalmi an miƙo mata 'yar roba ko ƙaramin kwando: cincin, dubulan, alkaki biyu, dunƙulen nakiya, in gidan masu hali ne har da ƙullin dambun nama. Sunan ango da amarya ne manne a jikin murfin. Wadda ta kwana gaban kasko kuwa ba a ganin sunanta, kuma galibi daga cikin gidan aurenta take sana'ar.

A da dangi ne ke taruwa a tsakar gida, ana daka ana guɗa. Yanzu uwar biki ta fi son ta ba da aikin ga wadda ta iya, ta huta.

Daga kasuwa ake farawa. Fulawa, sukari, madarar gari da jarkar mai a Singa ake saro su, kwanduna a Kurmi, alkama da shinkafar tuwo kuma wajen masu awo. Nakiya ce ke shiga gaba, domin ita ce ke yin watanni ba ta lalace ba. A jiƙa shinkafa, a tsane ta, a daka da citta da kanumfari da masoro, a soya garin sama-sama, sannan a kirɓa shi da man shanu da zuma ko narkakken sukari har ya kama jikinsa.

Alkaki shi ne ke tona asirin 'yar koyo. Ana ɓarza alkama, ba a niƙa ta lukui ba, a kwaɓa da tauri, a rufe ta kwana ta yi tsami. Da safe a murza da mai da ɗan ruwan kanwa, a mulmula siriri, a naɗe a yatsu. Wuta kaɗan yake so. Idan man ya yi zafi da yawa, bayansa ya yi ja cikinsa ɗanye. Idan kwaɓin ya yi ruwa, ya watse a kasko. Daga mai sai cikin ruwan sukarin da aka matsa wa lemon tsami don kada ya daskare. Gwana tana ɗiga ruwan sukarin tsakanin yatsu biyu, da ta ga ya yi danƙo ta san ya isa.

Zubin ma ilimi ne. Cincin sai ya huce sarai kafin a rufe shi, in ba haka ba gumi ya sa ya yi laushi. Alkaki da dubulan kowanne da ledarsa, don kada danshinsu ya taɓa sauran.

Ciniki iri biyu ne. Wata uwar bikin takan kawo kayanta, a yi mata kuɗin aiki bisa kowane kwano. Wata kuma ta ce a yi mata komai, ta ba da kafin alƙalami. Na biyun ya fi riba, ya kuma fi haɗari, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a 2023: kin yanke farashi yau, kafin ranar biki buhun sukari ya tashi, ga gawayi, ga kuɗin adaidaita sahu, ga ladan 'yan matan da ke taya yankan cincin. A ganina lissafin nan ya fi suyar wuya, domin bikin Bahaushe ba a ƙirga baƙi. A gayyaci mace ɗaya ta zo da ƙanwarta da maƙwabciya. Shi ya sa mai dabara kan yi ƙari a kan abin da aka ce mata, ta san ana gobe biki waya za ta shigo: “Hajiya, don Allah a ƙaro mana.”

Kasuwar tana buɗewa gab da azumi da bayan salla, lokacin da aure ke yawa. A irin makonnin nan barci sai sata, hannu duk tabon fantsalar mai, baya na ciwo. Cikon kuɗi kuma, in mai bikin 'yar uwa ce, amsar ɗaya ce: “Yaya, bari a watse tukuna.” Wani cikon sai an zo odar cincin ɗin suna ake tuna shi.