Ɗan Aike da Kwanon Maƙwabta

 Wannan shiri zai tattauna wani babi na tarbiyya da iyaye da yawa suke ɗauka ƙarami, alhali malaman da suka gabata sun ba shi matsayi babba, wato koya wa yaro godiya.

Duk wanda ya tashi a Kano ko Zazzau ko Damagaram, ko a wani ƙauye na ƙasar Hausa, ya san sa'ar nan ta gab da buɗa-baki a watan Ramadan, lokacin da lunguna suke cika da yara, kowanne ɗauke da kwano rufe da faifai, wannan da kunun tsamiya, wancan da ƙosai, suna kai ciyayya gidajen maƙwabta da dangi. Uwa takan ce, "Ungo, kai wa Iya ta gidan Liman, ka ce ina gaishe ta." Yaro ya je ya yi sallama, ya durƙusa, ya miƙa da hannu biyu, tsohuwa ta karɓa tana cewa, "Madalla, ka ce mata an gode, Allah ya bar zumunci, kai kuma Allah ya yi maka albarka." Daga nan ta kwance bakin zanenta ta ba shi tukuici, ko da ɗan dabino ne ko alewa. Haka kuma ake yi ranar Babbar Salla da naman layya.

To, a lura da abin da yaron nan ya gani a wannan ɗan taƙin tafiya. Ya ga mahaifiyarsa tun la'asar tana fama da hayaƙin murhu, saboda haka ya san abin da ke cikin kwanon da wahala aka same shi. Ya ji yadda babba take gode wa babba. Kuma abin da ya fi duka daraja a ganina, ya ga tsohuwar da ta yi jika da shi ta gode masa shi kansa, domin ƙafar da ya taka. Ba a banza magabata suka ce yaba kyauta tukuici ba.

Imam Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya keɓe littafi guda a cikin Ihya'u Ulumiddini domin haƙuri da shukura, inda ya bayyana cewa shukura tana farawa da ilmi, wato sanin ni'ima da sanin wanda ya yi ta, sa'an nan farin ciki ya biyo baya a zuciya, sa'an nan aiki ya bayyana a harshe da gaɓoɓi. Wannan tartibi shi ne abin da muke neman birkitawa a yau, domin sai ka ga an ba yaro kyauta, uba ya daka masa tsawa, "Me za ka ce?", yaro ya furta "na gode" a tsorace, alhali babu wanda ya zaunar da shi ya gaya masa cewa kawun nan da ya kawo rigar sai da ya rage wa kansa wani abu. Harshe ya motsa, amma ilmin da ya kamata ya riga shi bai samu ba. Ga shi kuma alherin zamani yana zuwa ta wayar salula, kuɗi su shigo ba a ga hannun da ya miƙo su ba, ba a aiki kowa ba.

Akwai kuma waɗanda alherinsu, saboda kullum ne, ido ya daina ganinsa: ɗan garuwa da ke turo kura cikin zafin bazara, da yarinyar da ke wanke-wanke, da yayar da ta goya ƙaninta har bayanta ya ƙage, da malamin makarantar allo da ke rubuta wa yara tun asuba. Hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito ya ɗaure godiyar Allah da godiyar mutane, bai kuwa ware mawadaci daga matalauci ba. Idan maigida ya saba ce wa ɗan garuwa "sannu da aiki, Allah ya biya," ɗansa zai faɗa ba tare da an umurce shi ba. Idan kuwa jefa masa kuɗi yake yi yana kau da kai, to, wannan ma darasi ne, kuma yaro zai haddace shi. Haka nan idan za a je ban gajiya bayan suna ko biki, ko za a koma washegari domin godiyar abin da aka yi jiya, ya kamata a riƙa tafiya da yaro, ya zauna a zaure ya saurara.

Sai dai akwai tarko guda da ya wajaba a faɗakar da iyaye a kansa, shi ne gori. Suratu Luƙman ta haɗa godiyar Allah da ta mahaifa a aya guda, wannan kuwa haƙƙi ne tabbatacce. Amma Suratul Baƙara ta yi gargaɗi cewa gori da cutarwa suna ɓata sadaka. Uban da kullum yake lissafa wa ɗansa kuɗin makaranta da na tuwo, ko uwar riƙon da take tuna wa maraya cewa ita ta tufatar da shi, suna zaton godiya suke shukawa, alhali abin da ke tsirowa shi ne ƙunci da jin nauyin bashi, har yaro ya girma yana gudun a yi masa alheri don kada a goranta masa. Ya fi dacewa uwa ta gaya wa yaro wahalar ubansa, uba kuma ya gaya masa wahalar uwarsa, kowanne a bayan idon ɗan'uwansa.