Wane Suna Ya Dace da Wanda Ya Gama Zaman Kaso?

Masana ilimin laifuka, wato fannin da ke nazarin musabbabin laifi da hukuncinsa, sun daɗe suna muhawara kan sunan da ya dace da wanda aka taɓa ɗaurewa. Tun 1963 Howard Becker na Amurka ya nuna cewa laƙabin da al'umma ta manna wa mutum yakan tura shi ga halin da ake zarginsa da shi, don haka wasu suka ƙi kalmomi irin “tsohon fursuna”, yayin da wasu, har da masanan da suka taɓa zaman kaso, ke ganin tausasa suna yana ɓoye zafin ɗauri.

A Nijeriya, dokar 2019 ta sauya sunan hukumar gidajen yari, aka koma cewa gidan gyaran hali, alhali “yari” sarauta ce ta mai tsaron ɗaurarrun sarki. Sai dai a kasuwar Wudil, ko wajen neman aure, tsohon laƙabin ne ke bin mutum, ya hana shi bashi da amana.

Ya kamata jami'an da Makarantar 'Yan Sanda ta Wudil ke yayewa, da sauran jama'a, su riƙa kiran wanda ya gama hukuncinsa da sunan da iyayensa suka raɗa masa.