Wa ya ɓata bencin majalisa?

A wani lungu na Gwammaja, ba nisa da Gidan Mumbayya, akwai benci mai jingina da 'yan majalisa ke zama a kai daga la'asar zuwa magariba. Na katakon tik ne, kuma maigidan da bencin ke ƙofar gidansa bai saye shi da araha ba. Ya zuba kuɗinsa ne saboda abin da kowane kafinta ya sani: tik yana da maiƙo a jikinsa, ruwa ba ya ruɓar da shi da wuri, gara kuma ba ta cika taɓa zuciyarsa ba. Sai ga shi da saukar ruwan farko, bencin ya fito da ɗigo-ɗigon baƙi masu zoben ja, kamar an barbaɗa masa masoro.

Kafinta aka fara zargi. Majalisa ta yanke hukunci cewa malaina ce aka shafa wa launi aka sayar da sunan tik. Da aka kira shi bai yi musu ba, ya kifa bencin, ya kankare ƙarƙashinsa da kurfi. Katakon ya fito ruwan zuma, da santsin maiƙo a yatsa, yana ƙamshi irin na fata.

"Alhaji, shinshina ka ji," in ji shi. "Malaina fara ce, ba ta da nauyi, ba ta da wannan ƙamshin. Wannan kuwa sai da ya dakushe mini kayan aiki kafin na gama shi."

Gaskiya ya faɗa, domin tik yana da sinadarin yashi a jikinsa mai cin kaifin ƙarfe. Asalin itacen daga Indiya da Bama da maƙwabtansu ne. A 1902 aka fara dasa shi a Nijeriya da irin da aka kawo daga Indiya, ya bazu a dazuzzukan gwamnati irin su Olokemeji da Gambari a ƙasar Yarbawa. Ba baƙo ba ne a wurin masu sana'ar katako. Shi ma launin tokar da saman bencin ya koma ba alamar ha'inci ba ce. Rana ce ke cinye launin fatar katakon, kuma abin bai wuce sama-sama ba.

An wanke kafinta, sai zargi ya koma kan fumfuna. Wannan yana da hujja: katakon waje da aka shafa wa mai yakan yi baƙi da damina, don mai yana riƙe ƙura, fumfuna kuma ta samu abinci. Amma ba a taɓa shafa wa bencin nan komai ba. Duk da haka aka gwada. Aka ɗiga ruwan bilic a wuri ɗaya, tunda fumfuna ba ta jure masa. Ɗigon bai gusa ba. Aka matsa lemun tsami a gefensa, aka bar shi ya ɗan jima, sai wurin ya fara dusashewa. Abin da ya ƙi bilic ya ji tsami, tsatsa ce.

To ina ƙarfe ya fito? Kusoshin bencin a ƙasa suke, kuma kewayensu tas. Nan idanu suka koma kan yaran gida, domin soson ƙarfe na wanke tukunya yakan bar ɓurɓushi a cikin katako, ruwa ya taɓa shi ya yi tsatsa. Yaran suka rantse buroshi da omo kawai suke sawa. Babu wanda ya gaskata su sai wani dattijo a majalisar, wanda ya zagaya bencin a hankali. Ɗigon ya fi yawa a bayan majingina da hannun da ke fuskantar gidan maƙwabci, wato inda ba a zama kuma ba a cika gogewa ba. Mazaunin da ake wankewa kullum shi ya fi tsira. Da soso ne, da akasin haka za a gani.

Ya sa aka ciro mayen ƙarfe daga tsohuwar sifika, ya bi da shi ta mahaɗar katako inda ruwa bai kai ba. Ya ɗago shi da baƙin gari tsaye cirko-cirko a bakinsa.

Sai a lokacin aka tuna. Da hunturu maƙwabcin ya canza ƙofar gidansa, aka kawo ƙarfe daga Ƙofar Ruwa, mai walda ya yanka ya goge a nan bakin lungu, tartsatsi na tashi iska na kwasa. Abin da ya ɓatar da kowa shi ne tazarar watanni. Iskar hunturu a Kano busasshiya ce ƙarau, bazara ma haka, saboda haka garin ƙarfen ya kwanta a cikin zanen katakon bai yi komai ba. Damina ce ta tashe shi.

Gyaran bai ci kuɗi ba. Aka fara da ruwan sabulu da buroshi mai laushi, don mai tauri yana ƙwaƙule katakon ya bar kwari. Aka bi da sinadarin oksalik, wanda ya fi lemun tsami ƙarfi nesa ba kusa ba. Guba ne, sai da safar hannu, nesa da yara, a kuma ɗauraye sosai. Da ya bushe aka bi shi da sanfefa mai laushi ta inda zanen katakon ya miƙe.

Wasu suka ce a shafa masa banish, wani ma ya kawo shawarar baƙin mai. A ganina duka biyun zalunci ne ga katako irin wannan. Banish ba ya jure ranar Kano, zai tsage ya yi ta ɓarewa, baƙin mai kuwa sai ya ɓata katakon ya haɗa da fararen rigunan masu zama. Maigidan ya bar shi haka bai shafa masa komai ba, ya ɗora ƙafafunsa a kan bulo don kada su tsaya cikin ruwa, ya kuma roƙi maƙwabcin cewa in za a sake kiran mai walda a yi masa magana tukuna, ya sa a shigar da bencin zaure.