Me ya sa cilakowa take toshe kanta a kogon bishiya?

Idan ka bi bakin rafi mai manyan itatuwa a farkon damina, misali gefen kogin Gaji a Yankari, kabare ne za su fara ɗauke maka hankali da surutunsu da sheƙunansu masu lilo a ƙarshen reshe. Ƙyale su tukuna. Nemi cilakowar da ke ta zarya zuwa bishiya guda da fara ko ƙaramin ƙadangare a baki. Namiji ne. Bi shi da ido, za ka ga ya maƙale a jikin itacen ya miƙa abincin cikin wata 'yar siririyar tsaga. Matarsa na ciki.

Ita da kanta ta shiga kogon, ta liƙe ƙofar da laka da kashinta da ragowar abinci, ta bar tsagar da baki kawai zai iya wucewa. Idan liƙin ya bushe yana yin tauri sosai, don haka biri ko wani tsuntsu mai satar ƙwai ba ya samun hanya. Ƙwan kan ɗauki kusan kwana 24 kafin su ƙyanƙyashe, sannan ta ƙara kusan mako uku tare da 'ya'yan. A wannan zaman ne take zubar da manyan gashin fukafukanta da na wutsiya, sababbi su fito. Wato akwai kwanakin da ko ka fasa ƙofar, ba ta iya tashi.

To ka ga inda haɗarin yake. Duk loma daga namijin take zuwa. In yaro ya harbe shi da danƙo, ba tsuntsu ɗaya aka kashe ba, gida guda ne. Kai ma mai kallo kana iya yin ɓarna ba tare da ka taɓa komai ba: in ka ga ya tsaya a reshe da abinci a baki, yana ta waige-waige ya ƙi ƙarasawa, to ka matso da yawa. Ja baya, ka yi amfani da madubin hangen nesa. Kada kuma ka kunna masa kukan cilakowa a waya don ya zo kusa. Zai bar aikinsa ya tafi neman abokin gaban da babu shi. A Yankari kuwa kar ka yi yawo ba ɗan rakiya, akwai giwaye da ɓauna.

Idan kogon ya yi musu kaɗan, uwar ta fasa ta fito, sai 'ya'yan su sake liƙe ƙofar da kansu, alhali ba wanda ya koya musu.

Cilakowa ba ta fafe itace, sai ta samu kogo a shirye. Irin wannan kogon a tsofaffin itatuwa yake, su ne kuma masu gawayi ke fara sarewa.