Karen Candy da Zomayen Lennie

A shekarar 1936 wani kwikwiyo mai suna Toby ya tarar da takardun uban gidansa a ɗaki, ya yi musu kaca-kaca da haƙori. Aikin kusan wata biyu ke nan ya salwanta. Uban gidan nan shi ne John Steinbeck, marubucin Amurka da aka haifa a garin Salinas na jihar Kalifoniya a 1902. Bai karaya ba, ya sake zama ya rubuta abin da kare ya cinye, littafin ya fito a 1937 da sunan Of Mice and Men. An samo sunan ne daga wata waƙa ta Robert Burns, ɗan ƙasar Sikotilan, wadda ya yi a 1785 a kan manomin da garmarsa ta rushe wa ɓera gida gab da shigowar sanyi.

Lokacin kuwa Amurka na cikin ƙunci. Kasuwar hannun jari ta karye a 1929, zuwa 1933 kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ma'aikata yana zaman kashe wando. Maza suka bazama gonakin Kalifoniya, kowa da naɗin bargonsa a kafaɗa, yau nan gobe can, kamar dai 'yan ci-rani. Steinbeck ya san su ciki da bai, domin tun yana matashi ya yi ƙwadago tare da su a gonakin kamfanin sukari na Spreckels.

Irin waɗannan leburori kowa tasa ta fisshe shi. Shi ya sa duk inda George Milton da Lennie Small, taurarin littafin, suka sauka sai an yi musu kallon zargi: me ya haɗa mutum biyu tafiya tare? George ɗan firit ne, ga kaifin basira. Lennie kuwa ƙato ne, ƙarfi kamar na doki, amma hankalinsa na ƙaramin yaro. Babu abin da yake so kamar ya shafa abu mai laushi, ɓera ko kwikwiyo, kuma hannunsa bai san iyakar ƙarfinsa ba. Da ƙyar suka sha a garin Weed bayan ya riƙe rigar wata yarinya ya ƙi saki. Yanzu sun sami aikin lodin buhunan sha'ir a wata gona kusa da Soledad, dala 50 a wata. Sunan garin ma a harshen Sifaniyanci kaɗaici yake nufi. Guzurinsu ɗaya: labarin 'yar gonar da za su saya wata rana, inda Lennie zai kiwata zomaye. George ya maimaita labarin har ya zame masa kamar karatun hadda.

A ganina zuciyar littafin tana wurin wani tsohon kare. Candy, tsohon da ke share ɗakin kwanan leburori, ya rasa hannu ɗaya a gonar, karen nan kuma tun yana kwikwiyo suke tare. Wani dare wani lebura mai suna Carlson ya matsa lamba cewa kare ya tsufa, yana wari, ba haƙori, gara a huta da shi. Candy ya duba fuskokin mutanen ɗakin ko wani zai tsaya masa, babu. Carlson ya ja kare waje. Tsoho ya kwanta a gadonsa ya zuba wa rufi ido. Ɗaki ya yi tsit, George yana ta juya karta a hannu ba tare da an fara wasa ba. Can sai ƙarar bindiga daga nesa. Candy ya juya fuska bango, bai ce uffan ba. Ya gane cewa shi ma ranar da tsintsiya ta gagare shi, hanyar ke nan. Daga baya ya shaida wa George abin da ke ci masa rai: da ya sani, shi da kansa zai harbe karen, ba ya bar wa bare ba.

A daren ne kuma mafarkin ya kusa zama gaskiya. Kuɗin gonar dala 600, Candy yana da 350, mafi yawa diyyar hannunsa ce. Suka yi lissafi, suka ga wata ɗaya kacal ya rage. Daga baya har Crooks, baƙar fatar da ke kula da dawaki, wanda launin fatarsa ya sa aka ware masa ɗaki shi kaɗai a gefen barga, sai da ya ɗan yi kwaɗayin a tafi da shi, kafin matar Curley, surukar mai gona, ta tuna masa matsayinsa da barazana. Ita ma abar tausayi ce. Ta yi burin zama 'yar fim, ta ƙare a gidan mijin da ba ta ƙauna, kuma Steinbeck ko suna bai ba ta ba, abin da har yau wasu masu karatu ba su yafe masa ba.

Ranar Lahadi da rana, maza na wasa a waje, matar Curley ta tarar da Lennie a barga ta ce ya shafa gashinta. Ya riƙe da ƙarfi, ta yi ihu, ya ruɗe ya girgiza ta, wuyanta ya karye. Curley ya tara mutane da bindigogi, niyyarsa Lennie ya mutu mutuwar wahala.

George ya riga su isa bakin kogin da suka yi alkawarin haɗuwa idan ta ɓaci. Bindigar Carlson ce a aljihunsa, wadda aka kashe karen da ita. Ya ce wa Lennie ya dubi tsallaken kogi, ya shiga ba shi labarin gona da zomaye, Lennie na murna, sannan ya harbe shi a ƙeya. Slim, mai korar alfadarai, shi kaɗai ya fahimci abin da ya faru, ya kama hannun George suka tafi. Carlson ya bi su da kallo, yana tambayar Curley abin da ke damun mutanen nan biyu.